Jaririyar da Krispus Ya Ƙi Ɗauka

Ranar da Felikula ta fara shiga gidan burodin Krispus a Ostiya, garin tashar jiragen ruwan Roma, tanda guda ta ƙone, kuma ita ce sanadi. Ta zo da kwando neman burodin jiya mai araha. Maternus, ɗan mai gidan, ya saki baki yana kallonta har hayaƙi ya turnuƙe.

"Samari, burodinka na kuka," ta ce.

"Bar shi ya yi. Duk kwandon nan ke kaɗai za ki cinye?"

"Mu da yawa ne. Gidan Inna Ammiya nake, bayan rumbunan alkama."

Kowa ya san gidan. Na Kiristoci ne, mutanen da ba sa zuwa wajen yanka a haikali, masu zagaya juji da asuba suna tsintar jariran da aka yar. Ita kanta Felikula a can aka tsince ta. Ta ɗaga kai tana jiran ya ɓata fuska kamar yadda ake yi mata. Sai ya ɗora mata burodi mai zafi a kan na jiyan.

Tun daga nan kwandon ya samu aiki biyu. A ƙarƙashin burodi akwai ɗan allo mai kakin zuma, yau rubutunsa, gobe nata.

"Zumata, jiya ba ki zo ba. Jakunan niƙa ma sun ƙi tafiya."

"Mai burodina, ranar taronmu ce. Ka gaishe da jakunan, da alama sun fi ka haƙuri."

Wata rana ya bi ta taron don ya ga abin da ke ƙwace masa ita. Ya ga bawa da matar attajiri a benci ɗaya suna karya burodi guda suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa. Mako na zagayowa ya dawo.

Da maganar aure ta kai kunnen Krispus, sai da maƙwabta suka ji muryarsa.

"'Yar juji? Wadda ba ta san ubanta ba, ba za ta zuba wa allolin gidana turare ba? Ga Rufina 'yar mai jiragen alkama tana son ka kamar ta mutu."

A dokar Roma ɗa ba ya aure sai uba ya yarda, ko da gemunsa ya kai ƙirji. Krispus ya tura shi ƙetare sayen alkama, wai ko iskar teku ta wanke masa kai.

Yana can abin ya faru. Yayan Maternus ya riga ya nutse a teku ya bar mata da ciki, ita kuma ta haihu ta cika. Aka kwantar da jaririyar a ƙasa gaban Krispus kamar yadda ake yi: in mai gida ya sunkuya ya ɗauka, ta zama 'yar gida, in ya juya baya, sai juji. Krispus ya ce wadda ta cinye uwa da uba ba za ta kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Ya juya baya.

Felikula ba ta san ko 'yar waye ba lokacin da ta ji kuka a juji, cikin fasassun tulunan mai. Ta kori karnuka, ta naɗe ta a mayafinta, ta sa mata suna Irene. Sai bayan kwanaki wata dattijuwa ta shigo gidan Ammiya a lulluɓe, ta zube tana kuka. Donata ce, mahaifiyar Maternus, wadda ta bi bawan da ya kai jaririyar ta laɓe ta ga wanda ya ɗauka.

"Jikata ce, 'yata. Ki rufa min asiri."

Maternus ya dawo aka ce masa jaririyar ta zo ba rai. Rufina kuma ta tare shi tun a bakin tashar jirage, da murmushinta, ta ce ya je ya yi wa tsarkakakkiyarsa barka, ta samu ƙaruwa. Ya hango Felikula a rijiya da jaririya a kafaɗa, ya juya. Kwando ya riƙa dawowa ba allo.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta yi kukanta ta share, sannan ta saka allon da kanta.

"Ban saba roƙon a yarda da ni ba. Ka zo ka kalli kunnen yarinyar nan, sai ka je ka kalli na babanka."

Ya zo da yamma. Duk zuriyar Krispus kunnuwansu a baje suke kamar hannun tulu, kuma Irene ba ta bar ko kaɗan ba. Maternus ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

"Ki yafe min, Zumata. Na saurari bakin mutane."

"Na yafe tun kafin ka iso, haka aka koya mana. Amma ka sani, duk inda zan shiga da ita zan shiga."

Krispus ya ga ɗansa ya daina ci, Donata ta daina yi masa magana, sai ya sauko rabi. Ya aika cewa ya yarda da auren, da sharaɗin a ba dillalin bayi jaririyar, amarya kuma ta zuba turare ko ɗan tsunkule ne. Har wasu 'yan'uwa a taro suka ce ta duba, dama irin wannan ba ta zuwa wa marainiya sau biyu. Inna Ammiya dai ta ce mata ta je ta yi addu'a.

Felikula tana son Maternus har cikin ƙashinta, kuma ta san amsarta za ta iya raba su har abada. Duk da haka ba ta aika kowa ba. Ta jira safiya, lokacin da gidan burodin ke cike da masu saye, ta shiga da Irene wadda ta fara rarrafe, ta ajiye ta a ƙasa daidai ƙafafun Krispus.

"Baba, na kawo amsa. Turare ba zan zuba ba, Ubangijina ɗaya ne. Zan girmama ka, in yi maka hidima har tsufanka, amma yarinyar nan ba ta sayarwa ba ce. Jikarka ce, ran nan an ajiye maka ita kana cikin baƙin ciki. Ga ta kuma."

"Ɗauke min wannan abin daga nan," ya ce, ya harɗe hannuwa yana kallon rufi.

Ba wanda ya motsa. Irene ta kama igiyar takalminsa, ta kama bakin rigarsa, ta miƙe tana tangaɗi tana dariya. Sai rigar ta zame mata, ta tafi da baya, kanta zai bugi dutsen niƙa. Felikula ta zabura, amma tsohon ya riga ta. Kafin ya san abin da yake yi, yarinya tana sama a hannunsa.

Wani tsohon matuƙin jirgi ya yi gyaran murya.

"Krispus, ka ɗauka fa. Duk mun gani."

"Faɗuwa za ta yi."

"Al'ada ba ta tambayi dalili ba," Donata ta ce daga bakin ƙofa. Ita ce maganarta ta farko gare shi tun ranar haihuwar.

Krispus mutum ne da bai taɓa karya al'ada ba, da ita yake taƙama. Ya dubi jama'a, ya dubi Irene da ta damƙe masa kunne tana ja, idonsa ya cika. Ya ce wa Felikula, "Taurin kanki ya fi na jakunana. Turaren ni zan ci gaba da zubawa, ba sai da ke ba. Je ki gaya wa tsohuwarku ta sa rana."

An yi bikin bayan girbin inabi. Felikula ta sa mayafi ruwan lemo na amare, dattijon ikilisiya ya haɗa hannayensu na dama ya roƙa musu albarkar Almasihu, ya ce Allah ya cika gidansu da salama da 'ya'ya. Rabin unguwa sun zo kallon yadda Kiristoci ke aure, wasunsu kuma ba su daina zuwa gidan Ammiya ba daga ranar. Aka watsa wa yara goro irin na Roma, gyaɗar bishiya, Maternus ya ɗauki amaryarsa cak ya tsallake da ita bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa gidanki, Zumata," ya raɗa mata.

A tsakar gida ta tarar da Krispus riƙe da Irene, yana faɗa da Donata a kan wa zai ba ta abinci. Ya hango amarya, ya ɗaure fuska don kada a ce ya yi laushi.

"Tsayuwar me kike yi a bakin ƙofa kamar baƙuwa? Shigo ciki, 'yata."