Ramin da Tanimu Ya Toshe

Ku matso, ku rage murya. Kun san yaron nan na gidan Tanimu mai walda, wanda ba ya kallon uwarsa? To, ku ji mafarin abin.

Tanimu mutum ne mai hannu, sai dai kunnensa na ƙashi ne. Ya sayi wata gawar mota Fijo da ta daɗe kwance a gindin tsamiyar bayan gari, ya jawo ta garejinsa, ya ce zai mai da ta mai aiki da lantarki. Ya cire inji ya ɗaura nasa. Saura akwatin ƙarfen da batura za su zauna ciki, wanda zai dasa a but, daidai kan ramin da ake ajiye tayar safaya.

Mahaifiyarsa, Inna Kande, ta ja masa kunne. "Motar da ta kwana a tsamiya ba a toshe mata rami sai an yi sallama, an bubbuga, an jira masu wurin su fita."

Ya yi dariya. Matarsa Uwani ta haihu, jibi suna, shi kuwa burinsa ya shigo taron da motar da ba ta shan mai.

Rana tsaka, kowa ya gudu inuwa, shi kaɗai a gareji. Ya leƙa ramin. Motar duk tsatsa ce da yana, amma ramin a share yake tas. Da ɗumi. Yana ƙamshin turaren masu jego. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗora akwatin, ya bi gefensa da walda, ya shafe da gam yadda ko iska ba za ta shiga ba. Ya jera batura, ya ɗaure wayoyi.

"Mai gyara."

Mace ce tsaye a gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Gaban rigarta ya jiƙe da nono. Tana tsaye cikin baƙin mai, ƙafarta fes.

"Ruwa na je ɗebowa," in ji ta. "Na bar shi yana barci a ciki."

"Wa?"

"Buɗe."

Tanimu ya ɗauka mai taɓin hankali ce. "Baiwar Allah, sai na kwashe baturan nan duka kafin a buɗe. Ki dawo bayan suna."

Ta karkata kai. "Naka yana numfashi?"

Nan take wayarsa ta yi ƙara. Uwani ce, kuka ya ci ƙarfinta. "Baban jariri, ka zo! Numfashinsa na sarƙewa, leɓensa ya yi baƙi!"

Wallahi ko ni da nake ba ku labari, nan wurin tsigar jikina ke tashi. Bai nufi gida ba, don ya gane inda numfashin ya maƙale. Ya fizge wayoyi da hannu, wuta ta yi tartsatsi ta ƙone masa tafi. Ya yi jifa da batura ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo injin yanka, an ɗauke wuta. Sai guduma. Yana dukan waldar da ya yi alfahari da ita, yana kiran sunan Allah da ya manta ɗazu.

Ƙarfen ya ɓalle. Ramin ya huce, babu ɗumin nan.

Matar ta sunkuya ta ɗauko abin da idonsa bai gani ba. Ta rungume, ta jijjiga. Ta daɗe tana jijjigawa.

"Ya yi sanyi," in ji ta.

Tanimu ya zube ƙasa. "Ki ɗauki raina, ki bar min yaro."

"Ba na ɗaukar rai." Ta dubi gaban rigarta. "Amma nonon nan ba zai zube a banza ba."

Da ya ɗago, babu kowa.

Ya isa gida a guje ya tarar da jaririn yana numfashi lafiya. Aka yi ta hamdala, aka yi suna. Amma tun ranar yaron bai sake kama nonon Uwani ba. Ta yi kuka, ta sha saiwoyi, nonon ya kumbura har ya ƙafe. Yaro kuwa sai ƙiba yake. Da rana ta take, sai ya juya wa bango fuska, bakinsa yana tsotso, farin ruwa na gangarowa ta haɓarsa.

Yanzu ya fara magana. Yana cewa "Umma". Uwani na amsawa kullum, alhali ta san ba ita yake kallo ba.

Don haka kome sauri, kada ku toshe rami ba sallama. Ke kuma Asabe, da kike yanke ta tsamiya idan an aike ki da rana, ki daina bi ke kaɗai.