Bajin da Aka Rataye a Ƙusa

Ƙarshen wata ne, rana ta kusa faɗuwa, na sauka ɗakin hoton ƙashi in tattara bajoji. Baji ɗan kati ne da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji, yana shan hasken injin daidai yadda jikinsa ke sha. Ni nake sa shi a na'ura in karanta, in rubuta adadin. Ban yi jami'a ba. Da tsintsiya na shigo asibitin nan, da naci na koyi lissafin, kuma wanda ya raina ni ya sha baƙar magana.

Amma akwai wani abu da muke yi, duk mun sani. In adadinka ya haura iyaka, za a cire ka daga ɗakin a kai ka jera takardu. Don haka wasu sai su rataye bajin a ƙusa bayan ƙofa, su shiga aiki haka nan. Yayata shekara tara tana yi. Shekara tara ina rubuta mata sifili. Ciwon jini ya ɗauke ta bara.

Yanzu 'yarta ce a ɗakin, da ciki wata huɗu. Da safiyar ranar ta tare ni a matakala.

"Kawu, don Allah kar ka tona ni. Kai da ka iya rufe ido?"

"Ke, tafi can, uwar wayo!" na ce. Na yi dariya ma.

Da yamman nan kowa ya tashi. Barandar sai warin maganin goge ƙasa. Famfo na ɗiga a wani wuri. Injin a kashe yake, ni na ga makunnin da idona.

Sai ma'aunin hasken injin da ke aljihuna ya yi ƙas.

Na tsaya. Ƙas. Ƙas-ƙas.

Na tura ƙofar dalma, mai nauyin tsiya. Bajin yarinyar na nan a ƙusa, yana lilo, ba iska.

Bayan gilashi akwai mace tsaye, ba rigar dalma a jikinta. Ina ganin haƙarƙarinta ta cikin farar riga, kamar a hoto.

"Auta."

Mutum ɗaya ke kirana haka.

"Yaya?" na ce.

"Nawa ka rubuta mini?"

"Sifili."

"'Yata fa?"

Ma'aunin ya rikice, ƙarar ta haɗe kamar mai a wuta. Bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ni da ba a taɓa rufe wa baki ba, na kasa ko addu'a.

Ta ɗora tafinta a gilashin. Ƙasusuwa biyar.

"Ka ƙirga, Auta. Ka iya ai."

Ƙofar ta fara rufuwa da kanta.

Na fizge bajin, na kutsa ta gefe. Ƙofar ta kama kafaɗata, rigata ta yage. Da rarrafe na hau matakala.

Ko ita ce, ko wani abu ne ya ari fuskarta, ban sani ba. Washegari na ɗauko littafin aiki. Na haɗa sa'o'in da yarinyar ta yi kusa da injin, na ninka da abin da ma'auni ke nunawa a wurin tsayuwarta. Na sake, sau uku. Adadin ya wuce abin da aka yarje wa mai ciki. Na rubuta shi, na ƙara da cewa ba ta saka baji, kuma na sani. Na bi shekarun Yaya ma na lissafa. Wannan adadin ban nuna wa kowa ba.

An cire yarinyar daga ɗakin a ranar. Ni aka karɓe mini na'ura.

A bakin ƙofa ta same ni, idonta jajir.

"Uwata ka rufa wa asiri. Ni ce ba ka so?"



Ta haihu lafiya, mace. A bakin mai gadi na ji.