Bishiyar da Ta Tare Rana

"Ajiye zarton nan, Eivind!"

Torunn ta tsaya tsakaninsa da bishiyar tsakar gida, ko rigar sanyi babu a jikinta.

"Rabin raina, saurare ni..."

"Kar ka ƙara ce mini rabin rai da zarto a hannunka!"

Gidan hutun mahaifinta ne, inda mutanen birni ke zuwa su yi mako guda ba magana, abin da ya gagare su a gidajensu. Eivind ne ya zana sababbin ɗakunan baƙi: bango mai kauri, ciyawa a kan rufi, manyan tagogi suna kallon kudu don rana ta ɗumama su. Wata mai kamawa ne aurensu.

Sai dai bishiyar ta tare ranar.

"Gunvor ce ta kawo miki gulma, ko?"

Gunvor mai girkin baƙi ce, ta daɗe tana auna zoben baikon Torunn da ido.

"Ita ce, har da murmushi! Amma yau ba ƙarya ta yi ba!"

"Idan aka bar ta, sai an yi ta ƙona itace duk lokacin sanyi. Ɗaya ta faɗi, ɗari su tsira..."

"Ba a sare bishiyar tsakar gida, ko yaro ya sani! A gindinta Mama ke zuba kofin farko na abin sha duk Kirsimeti, har ta rasu. Kai inuwa kawai ka gani!"

Mahaifinta Halvard ya leƙo daga ƙofa, ya kurɓi kofi.

"Ai na faɗa miki, 'yata. Wanda ya girma a saman bene, ina ya san saiwa?"

Torunn ta zare zoben, ta rataye shi a reshe.

"Sare! Su faɗi tare!"

Ta shige, ta buga ƙofa.

Kwanaki suka shuɗe ba ta ji ƙarar zarto ba, ba ta kuma ga Eivind ba. Gunvor kuwa har waƙa take yi a kan tukunya.

Ran nan da safe Torunn ta hango mutanen ƙauye a kan tudu, ana gayya, ana jidar duwatsu. Ta haura a fusace, ta tarar da Eivind a cikinsu.

"Me kake yi a filin da za mu gina gidanmu?"

"Ɗakunan baƙi," in ji Eivind, hannunsa duk taɓo. "Nan kaɗai rana ke sauka ba shamaki."

"To mu fa?"

"Tsohon gida. Tare da Baba, da bakin nan nasa, a inuwar bishiyarki."

"Gidan nan sanyi gare shi."

"Na sani. Ni na auna."

Ta harare shi.

"Sakarai kawai... Je ka ciro mini zobena."

Ya juya da sauri.

"Eivind! Ganye ɗaya ya faɗi, na fasa!"