Gwangwanin Tukwici

Ranar da ya fara ganinta a gidan abincin da take aiki, abokansa ne suka ci suka ƙoshi, shi kuwa shayi kawai ya sha. Da ta kawo takardar kuɗi, mai ƙaton agogon cikinsu ya ce a raba daidai wa daida. Don kunya, ya zaro har kuɗin motarsa ya cika. Tana kallo, tausayinsa ya kama ta. Tun daga ranar ta raɗa masa suna Shayi-Kawai.

Shi mai gyaran waya ne, ita mai kai abinci tebur-tebur. Ya dawo, ya sake dawowa, har aka yi musayar lamba.

"Zumata, yaya jikin Umma?" ya rubuto mata wata safiya.

"Da sauƙi dai. Maganin ne ya yi tsada. Kada ka ce za ka ba ni komai, ba na karɓa."

Sai ya ɓullo ta bayan gida. Kullum ya sha shayinsa, ya danne tukwici mai kauri a ƙarƙashin kofi, shi kuma ya wuni da yunwa. Bawan Allah bai san dokar gidan ba: duk tukwici gwangwani ɗaya yake shiga, manaja ya ɗebi rabi, sauran a raba wa kowa har mai wanke-wanke.

Ranar da ya gano, ransa ya ɓaci. Da ta sunkuya goge tebur, ya zura kuɗin a aljihun rigar aikinta ba ta sani ba. Kashiya mai karɓar kuɗi, wanda ta taɓa ƙin sauraron soyayyarsa, ya gani, ya kai wa manaja ƙara.

A gaban masu cin abinci aka caje ta. Aka kira ta ɓarauniya, aka kore ta.

"Ka kashe ni da alherinka," ta rubuta masa, ta kashe wayar.

Labari ya zaga unguwa. Ba a jima ba Umma ta rasu, kuma maganar tana cikin kunnenta. Da ya je gaisuwa, Baba bai ko ɗago kai ba.

"Kai ne ka ɓata mini sunan 'ya? Inda aka ɓata shi, can za ka je ka gyara."

Ya je kuwa, lokacin da gidan abincin ya cika maƙil, Baba yana tsaye a ƙofa. Shayi-Kawai ya ɗaga murya ya ce, "Ni na saka kuɗin. Ba ta taɓa cin na kowa ba." Manaja ya taɓe baki, ba a mayar da ita aiki ba. Amma Baba ya ji, jama'a ma sun ji.

Daga baya ta yafe masa, aka ɗaura aure ba kiɗa, ba Umma. Baba ya haɗa hannuwansu yana hawaye. "Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri."

Bayan biki suka shiga wani ƙaramin gidan abinci. Da suka gama, hannunsa ya nufi ƙarƙashin kofi. Ta riƙe shi gam, ta kira yarinyar da ta kawo musu abinci.

"'Yar'uwa, gwangwani kuke da shi a nan?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Tashi, Shayi-Kawai," ta ce a hankali. "Je ka saka da hannunka, kowa yana gani."

Ya tashi ya je.