Guɗa a Maki Bakwai

"Shida da shida," in ji alƙalin wasa, sai Suwaiba ta gyara zama.

Filin tanis na makarantar kwanan da ke Bebeji ya cika maƙil. Wanda ya ci wannan wasan ƙarshe shi za a ɗauka kocin ɗalibai, mahaifinta kuwa ya riga ya gaya wa saurayinta Nazifi, ɗaya daga cikin masu karawar, baki da baki cewa ba ya ba mara sana'a 'ya. Ga Baban can a rumfar manyan baƙi, shi ya buɗe taron da addu'a.

"Maijidda, yanzu kuma me ya rage?" in ji Suwaiba.

Ƙawar tata, wadda ta taɓa tanis a sakandare, ta ce sai raba gardama, wanda ya riga kai maki bakwai ya gama. Sai dai ta haɗiye rabin zancen, ba ta ce dole a ba da tazarar maki biyu ba. Ita ma ta daɗe da ƙyalla ido a kan Nazifi, ta kuma san Suwaiba ba ta iya ɓoye abin da ke ranta.

Nazifi ya yi bugun farko, abokin karawarsa ɗan Doguwa ya karɓi biyu, haka suka yi ta karɓa-karɓa. A uku da uku suka sauya gefe. A shida da shida suka sake sauyawa, Nazifi na jan ƙafa.

"Ɗaya tak... Ya Allah ka dube ni..." in ji Suwaiba a ranta.

Ƙwallo ta daki layi. Bakwai da shida.

Maijidda ta zungure ta. "Ya ci."

Suwaiba ta miƙe zumbur, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Nazifina!"

Filin ya yi tsit.

Ita kaɗai ce a tsaye.

Alƙali ya yi gyaran murya, ya ce tazarar ɗaya ce, a ci gaba. Ta hango Baba ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage, da ta shige.

Nazifi ya waiwayo ya dube ta, daga nan wasan ya kuɓuce masa. Ɗan Doguwa ya kwashe maki biyu. Bugu ya dawo wurin Nazifi, sau biyu yana cusa ƙwallon a raga, maki ɗaya ya sake tafiya.

Tara da bakwai.

Bayan la'asar Baba ya kira ta. Ta zube a gefen buzunsa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Baba ka yafe ni... Na kunyata ka, shi kuma na kayar da shi. Amma wallahi in ba shi ba..."

Ya ajiye carbinsa.

"Aiki dai ya tafi," ya ce. "To amma Bebeji kaf ta ji ki, ni kuwa tun da nake ban taɓa jin an yi guɗa babu ango ba. Gonata ta bakin rafi na neman hannu. Ki ce masa ya turo magabatansa."