Ƙudan Ƙarfe a Unguwar Majema

Ni na fara gano abin, kafin 'yan boko, kafin hukumar tsara birni, kafin ita kanta mai shi. Ni Tanko majemi, da na ga ambaliya biyu da fari uku na fito da raina, ban taɓa riƙe alli ba. Amma ranar da ƙudan ƙarfen nan suka fara shawagi a kanmu na ce wannan abu bai san mutane ba.

Farfesa Uwani Magaji ce ta ƙera su, malamar nazarin zamantakewa a jami'ar Birnin Bene, inda gida ke hawa hamsin, jirgi na gudu a sama ba direba. Shekara ashirin abu ɗaya ke cin ranta: mutane sun hau sama sun daina gaisawa. Sai ta haɗa Ma'aunin Zumunci. Ƙudan su saurari gaisuwa, su ƙirga ziyara, su kai wa babbar kwamfuta, ita kuma ta shafa wa kowace unguwa launi a taswira. Kore zaman lafiya, ja gaba. Baiwar Allah ba ta da rowa, ta buɗe rumbun bayanan ga kowa, ɗalibi da hukuma.

Hukuma ta duba, ta ga Unguwar Majema jawur. Aka yanke a watsa mu cikin benaye goma sha biyu kafin mu kashe juna.

Uwani ta kasa cin abinci, don ba raba mutane ta nufa ba. Da hantsi ta sauko da ƙafarta, ta tarar da ni da Ɗanjuma muna kankare fata.

“Kai mushe, har yau ba ka mutu ba?” in ji Ɗanjuma.

“Sai na binne ka, mai bakin akuya,” na ce.

Ƙudan da ke kanmu ya kawo jar wuta.

“Baba, me ya yi zafi haka?” ta tambaye ni.

“Zafin me? Uwarsa ƙanwar ubana ce, taubashina ne, wasanmu ke nan. Ranar da ya gaishe ni da ladabi, a kira masa likita.”

Ta buɗe allon hannunta. “To wannan matar fa, mai suna Gambo? Shekara talatin ba ta kira sunan ɗanta ba. In ya shigo sai ta kau da kai.”

“Ɗan fari ne, 'yar nan. Kunya ce. Je ki ga wa ake ɓoye wa tsokar miya.”

Sai ta zauna kan turmi. A littafi ta san al'adar, har a aji ta koyar da ita a matsayin abin da ya shuɗe. Ita ma 'yar fari ce. Uwarta ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma Uwani ba ta taɓa haɗa littafin da shirun nan ba. Ta tuna kwanonta, kullum nama a ƙasan tuwo. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta yi ta sintiri a hukuma har aka soke umarnin. Sai dai takarda ba ta gudu kamar na'ura, kafin a sa hannu an kwashe gida arba'in. Ɗanjuma na ciki, hawa na talatin da ɗaya, can ƙarshen birni. Maƙwabta na kirki, kowa “ranka ya daɗe”. Wata biyar ya yi ba mai tsokanarsa, ya rasu. A taswira benensa kore shar.

Ranar sadakar uku Uwani ta kashe ƙudan da hannunta. Rumbun na nan a buɗe, amma yanzu ɗalibinta ba ya shigar da lamba ko ɗaya sai ya kwana arba'in a gidan mutanen, ya ci tuwonsu. Ran Laraba kuma ni ke koyarwa, ita tana kujerar gaba tana rubutu.

Na dai cika alkawari, ni na binne Ɗanjuma. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo aji ran Laraba ya faɗa a gabana. In zagi zai yi ma, bismilla, na kwana biyu ban samu wanda ya iya ba.