Kafin Kagoma Ta Ji

Tun da Baba Ezekiyel ya rasu, falon gidansa a Kafanchan ya koma kamar tasha. Milka, autarsa, tana zaune a ƙasa da waya a cinya, ta rasa wa aka gaya wa, wa aka manta. Fasto ya ji? 'Yan fanshon reluwe, abokan aikinsa na jirgin ƙasa, fa? Zumuntar mata suna tambayar ranar jana'iza, ranar kuwa ba wanda ya sa.

Stanley, Ibon da zai aure ta bayan girbi, shi ya ɗauke mata aikin. Haifaffen Kafanchan ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya je coci, ya je ofishin 'yan fansho, ya kuma sa hoton Baba a WhatsApp.

Da yamma yayanta Abednego ya faɗo falon yana huci.

"Wa ya sa hoton nan?"

"Ni ne, Broda. Na yi kuskure a sunan?"

"Suna! Baba Kumai a wayar ɗan acaɓa ya gani a Kagoma! Kawun Baba fa, ƙanin mahaifiyarsa! A gidanmu dangin uwa ake fara gaya wa, kuma da ƙafa ake zuwa. Yanzu ya ce su ba su san an yi mutuwa ba. In ba su zo ba, ba a rufe gawa!"

Stanley ya dubi Milka. Ita kuwa kuka ya ƙwace mata.

"Ni ma ban sani ba, Broda!"

"Ke ba ki sani ba, shi bai tambaya ba. Maganar auren nan ma a bar ta. Baba da ya yarda ai ya tafi."

 Washegari Stanley ya ɗauki Milka a babur suka nufi Kagoma.

Sun tarar da Baba Kumai a tsakar gida yana ware irin doya. Stanley ya durƙusa. Tsohon bai ko dube shi ba, sai da Stanley ya daɗe a durƙushe sannan ya yi magana.

"Milka, wannan baƙo ne ko ɗan gida? In baƙo ne ya tashi ya tafi, ba shi da laifi, Abednego zan kama. In ɗan gida ne, tara ce: akuya, kuma shi zai jawo ta da hannunsa."

Kan Milka ya ɗaure. Wace amsa ce za ta cece su?

"Ka ce baƙo," ta raɗa wa Stanley, "ka huta."

"Ɗan gida ne, Baba," in ji Stanley.

"Ka ji da kyau? Akuya fa na ce."

"Na ji, Baba."

"To, ɗan gida, me ya kawo ka?"

Stanley ya yi turus. Ba dai haƙuri ya zo bayarwa ba? Can ya gane abin da ake jira. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ɗanka Ezekiyel ya rasu."

Sai a lokacin doyar ta faɗi daga hannun tsohon. Ya ɗora hannu a kai ya rushe da kuka, matan gidan suka amsa daga ɗakuna. Tun jiya suke riƙe da kukan nan, ba wanda ya zo ya ba su izinin yinsa.

Stanley ya jawo akuyar da hannunsa ya kai. Bayan jana'iza Abednego ya sake tayar da maganar fasa auren. Baba Kumai ya katse shi.

"Wanda na ci tara a gidan nan, kai ba ka isa ka kore shi ba."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Da Stanley ya tsaya kare kansa, da gaskiyarsa, domin ba wanda ya gaya masa al'adar. Amma da ya rasa Milka. Mai son shiga dangi, ba sanin komai ake nema a wurinsa ba. Ya haƙura ya ɗauki laifinsa tare da su, shi ke nan ya zama nasu.